Bishiyar da Baba Ya Rataye a Ɗakin Baƙi

Ni da alade sau ɗaya muka taɓa haɗa ido, ta tagar jirgin ƙasa a Holan, shi ma kafin in gama a'uziyya jirgin ya wuce. Na fara da wannan ne saboda har gobe akwai matan unguwarmu ta Hindawiyya a Makka da suka rantse kiwon aladu na je yi a Turai, wata ma ta ce daga majiya mai ƙarfi ta ji ni nake yi musu wanka. A Makka aka haife ni, a Makka aka haifi Baba, gidanmu kuwa in ka hau sama ka miƙa wuya kana hango dogon agogon Harami. A irin gidanmu ba a ambaton sunan dabbar nan sai an nemi afuwar masu sauraro.

Karatun ƙwayoyin cuta ne ya kai ni Holan. Na tafi da niyyar yin digiri na uku a kan sanƙarau, cutar da duk ɗan Makka ya san sunanta tun yana ƙarami saboda allurar da ake yi wa alhazai. Da na isa, farfesar da zan yi aiki a ƙarƙashinta ta ce gurbi ɗaya ya rage, shi ma a kan wata ƙwayar bakteriya ce da ke zaune a maƙogwaron alade. Takan kashe 'ya'yan aladu, wani lokaci kuma ta tsallaka jikin mahauci ko manomi ta jawo masa sanƙarau, wanda in ya tashi ma sau da yawa da kurumta yake tashi. Na yi kwana biyu ina juya maganar, sannan na karɓa. Aikina duk a kwamfuta yake. Wasu ne ke ɗebo ƙwayar, wasu su karanta abin da ke rubuce a ƙwayoyin halittarta na gado, ni kuma a turo mini tulin haruffa in zauna in tantance wa ya haifi wa. Da Baba ya tambaye ni a waya me nake karantawa, na ce sanƙarau. Ban yi ƙarya ba, amma na san inda na datse maganar.

Da ƙyar ya bar ni na tafi, shi ya sa. A takarda ba na bukatar sa hannunsa, zamani ya wuce wurin, amma ni ba zan iya taka matakalar jirgi ba in bai ce Allah ya kiyaye hanya ba. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana tuƙa tasi tsakanin Makka da Jidda, ya sha surutun fasinja, ya san abin da baki ke iya yi wa gida. Ranar tafiyata ya ce, “Ya binti, 'yata, na yarda. Amma duk ranar da na ji abin da zai sa in sunkuyar da kai a masallaci, halas, an gama, ki haɗo kayanki.” Daga nan ya miƙo mini wata jakar leda cike da takardu, sunayen kakanni ne da Gwaggo, yayarsa, ta yi ta faɗa yana rubutawa a bayan kwalin magani da gefen kalanda. Ya ce tunda na iya kwamfuta in zana masa shajara, wato bishiyar dangi, irin wadda Larabawa ke sa wa gilashi su rataye a ɗakin baƙi. Na ce in sha Allah. Jakar ta shekara biyu a ƙarƙashin gadona a Holan, ko bakinta ban kwance ba.

Ita ƙwayar tawa, don haka nake kiranta, Allah ya yafe mini, ba iri ɗaya ba ce. Kowacce tana sanye da wata riga ta sukari da take fakewa a ciki don kada jiki ya gane ta, kuma da rigar ake rarrabe su, iri kusan talatin, kowane iri da lambarsa. Mai lamba biyu ita ce shu'umar cikinsu, ita ta fi kwantar da aladu, ita ta fi tsallakawa jikin mutane. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne rigar ba ta faɗin asali. Sai ka ga biyu rigarsu ɗaya amma ba su haɗa kaka ba, ka ga wa da ƙani kowa da tasa, don suna aron riga a tsakaninsu kamar 'yan mata a gidan biki. Na tara ɗaruruwansu, kwamfuta ta jera mini su a bishiya, na ba kowace riga launinta, lamba biyu na ba ta ja. Da zan zo hutun mako biyar sai na buga ta a takarda mai faɗin sallaya, na naɗe na zura a wani dogon kwali, don in riƙa bin rassan da biro a gida. Babu kalma ko ɗaya a jikinta, daga rassa sai launuka sai ƙananan lambobi.

Ranar da na sauka na raba tsaraba. Umma ta samu turare da cakulan, Baba na kawo masa takalmi mai laushi saboda gwiwarsa. Ya yi godiya, ya gwada, ya ce daidai, amma idonsa na kan dogon kwalin nan da na jingine a bayan ƙofa. Na lura, na ɗauka son sani ne kawai irin na dattawa. Kwana uku da zuwana na tafi Jidda bikin wata ƙawata, na kwana biyu a can.

Da na dawo Umma ce ta buɗe mini ƙofa, fuskarta a murtuke kamar an yi mutuwa. Ta ja hannuna zuwa kicin, ta tura ƙofa, ta buɗe baki za ta yi magana, sai dariya ta ƙwace mata. Ta durƙusa ta riƙe gefen firji, hawaye na zuba, tana nuna mini wajen ɗakin baƙi da yatsa. Ita Umma ta san komai tun watana na farko a Holan, a ranar ma cewa ta yi, “Ba dai ci za ki yi ba ko? To yi karatunki, amma ki bar babanku da sanƙarau.” Na bar ta a durƙushe na leƙa ɗakin.

Ga takardar bishiyar ƙwayoyina nan a bango, tana kallon ƙofa, a inda agogon bango yake a da. An sa mata gilashi, an zagaye ta da katako mai ruwan zinare, irin wanda ake yi wa hoton sarakuna. Bishiyar ba ta da sama ba ta da ƙasa, amma Baba ya zaɓi reshe mafi kauri ya mayar da shi gindi. Yana zaune a ƙarƙashinta bakinsa har kunne. Yana ganina ya taso ya sumbaci goshina, abin da rabonsa da yi tun ina firamare, ya ce, “Wato ɓoyewa kika yi don ki ba ni mamaki? Ni za a yi wa wayo? Allah ya yi miki albarka, ya binti, na san ba za ki manta ba.”

Da a nan na buɗe baki na faɗi gaskiya, da asarar gilashi kawai aka yi. Na buɗe ɗin kuwa. Amma Umma ta iso bayana ta mintsine ni a ƙugu, ga kuma ɗumin bakinsa har lokacin a goshina, sai na ji kaina ina cewa, “Amin, Baba.” Na ce a raina gobe zan faɗa masa. Gobe ta zama Alhamis, Alhamis kuwa ranar baƙinsa ce.

Duk Alhamis bayan la'asar tsofaffin unguwa sukan taru a ɗakin nan, yawancinsu jikokin waɗanda suka tako daga ƙasar Hausa ne, a sha shayi da na'ana'a, a yi Hausa a zarce Larabci a dawo ba tare da kowa ya lura ba. A ranar ɗakin ya cika har bakin ƙofa, don Baba ya riga ya baza labari a masallaci. Ni da Umma muka laɓe bayan labule da tiren shayi. Baba ya tashi da wata tsohuwar eriyar rediyon mota a hannunsa, ya zuƙo ta har ƙarshe, ya yi gyaran murya.

Ya fara da ja. Ya ce, “Wannan jan mu ne, Kanawa. Ku duba da kyau, ma sha Allah, duk inda ka juya muna nan. Babu reshen da ba mu shiga ba.” Umma ta raɗa mini, su jajayen me suke yi? Na ce su ne suka fi kurmantar da mutane. Ta ce, “Wallahi dangin babanku ne, bai yi kuskure ba.” Na ciji gefen mayafina. Shuɗi ya ba Sakkwatawa, rawaya ya ba waɗanda suka daɗe a Sudan kafin su ƙetaro teku. Wani maƙwabcinmu mai sayar da tsire, wanda iyayensa ta Chadi suka biyo kuma ƙanwar kakarsa ta taɓa aure a gidanmu, ya ce shi fa bai ga nasa ba. Baba ya bi takardar da eriya ya tsaya a kan wani ɗan ƙaramin reshe kore. Mai tsire ya sa tabarau ya ƙirga, ya ce ba zai yiwu ba, 'ya'yansa maza kaɗai sun fi wannan yawa, a kira yarinyar a tambaye ta. Baba ya ce kwamfuta ba ta ƙarya, in yana son reshensa ya ƙaru ya ƙara aure.

Wani ya tambaya me ya sa babu sunaye sai lambobi. Na ce a raina yau ramin ƙarya ya ƙure. Baba ko a jikinsa, ya ce, “Ya shaikh, kai ma ka san bakin mutane. A rubuta sunan jikanka a bango kowa ya zo ya ƙirga? Ita ta san wa ke kowace lamba, shi ke nan.” Ɗaki ya ɗauka da ma sha Allah, wani ya ce lallai yarinyar nan ta yi hankali. Wani tsoho mai kaifin ido kuma ya nuna inda ja ya ɓulla a tsakiyar shuɗi, ya ce wannan Bakanon me yake yi a gidan Sakkwatawa? Baba ya ce auratayya ce mana, ɗa ya tashi a gidan kawunsa ya ɗauki shigarsu, amma jini na nan inda yake. Na tsaya sororo da butar shayi a hannu. Na shafe wata shida ina neman yadda zan bayyana wa farfesata wannan abu a shafi uku, ga direban tasi ya gama shi a numfashi ɗaya.

Mako na biyu limamin masallacin unguwa ya zo da kansa. Mutum ne mai natsuwa, ba ya son hayaniya. Ya daɗe yana duban bishiyar, ya ce sada zumunci ibada ce, kuma wanda ya san asalinsa ya san wa zai gaisar. Sannan ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ya roƙi Allah ya albarkaci wannan zuriya, ya yawaita ta, ya baza ta gabas da yamma, ya tsare ta daga duk mai nufin ta da sharri. To ni ce mai nufin ta da sharrin, don duk wahalar da nake sha a Holan saboda a samu rigakafin da zai ga bayanta ne. Umma ta ce amin da ƙarfi har aka jiyo ta daga ɗaki, ta ajiye tire ta ruga banɗaki ta kunna famfo don kada a ji abin da ya biyo baya.

Makonnin nan mun yi dariyar da ban taɓa yin irinta ba. Ko ido muka haɗa da Umma a kan abinci sai ɗaya ta ƙware. Ta daina kirana da sunana, ta koma “ke lamba biyu”. In Baba ya ɗaga murya a waya sai ta ce jajaye sun motsa. Ina yanka albasa ina dariya, ina sallame sallah in tuna mai tsire da tabarau in kifa kai a sallaya. Kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. A Holan in na nuna bishiyar nan mutum biyar ne za su duba, uku a cikinsu suna duban agogo. A nan kuwa dattawa ashirin sun yi layi suna goge tabarau, ubana na tsaye a gabanta kamar wanda ya gina masallaci. Ban taɓa ganin yana alfahari da ni haka ba, sai na yi ta ɗaga ranar faɗin gaskiya. Tsoron kuma yana nan a ƙasa. Kowace Alhamis mutanen da zai ji kunyarsu ƙaruwa suke yi, tikitin komawata kuwa saura mako biyu.

Akwai wani reshe da na lura eriyar Baba ba ta taɓa tsayawa a kansa ba. Dogo ne, siriri, ya fita can gefe shi kaɗai, a ƙarshensa akwai 'yan ƙananan rassa goma sha tara masu launin toka. A wurina su ne waɗanda aka daɗe ana lissafa su cikin dangin ƙwayar, daga baya masana suka duba da kyau suka ce wata ƙwaya ce daban, na sa su ne kawai don in auna nisan sauran da su. Ban san Baba ya ajiye reshen nan don mutum ɗaya ba ne.

Ranar wata Laraba da hantsi ya tafi unguwar Ka'akiyya ya ɗauko Gwaggo. Ta haura tamanin, rabon da ta fito daga gida in ba asibiti ba an fi shekara. Sai da muka tallafe ta ta hau matakala. Ya zaunar da ita a kujera dab da bango, ya ajiye eriya, da yatsansa ya nuna mata, muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, “Yaya, duba nan.”

A nan zan tsaya in faɗi abin da duk ɗan gidanmu ya sani. Kakanmu, mahaifin Baba da Gwaggo, da ƙafa ya baro ƙasar Kano yana saurayi, shi da ƙaninsa. A wani ƙauye a Sudan zazzaɓi ya kwantar da ƙanin, ayari kuma ba ya jira. Ya bar shi a hannun wasu mutanen kirki da alkawarin zai dawo bayan aikin hajji. Bai samu komawa ba. Har ya rasu, duk shekara in alhazan Sudan suka sauka sai ya bi masaukansu yana tambaya, Gwaggo tana ƙarama tana riƙe da gefen rigarsa.

Gwaggo ta matso da fuskarta har numfashinta ya yi hazo a gilashin. Ta sa yatsa tana ƙirgawa a hankali, ta kai goma sha tara, ta koma farko. Ta ce, “Ashe ya rayu.” Ta juyo ta kama hannuna biyu ta ce, “Ashe ya tashi, har ya yi iyali. 'Yar nan, a wane gari kika same su? Suna jin Hausa?” Na dubi labule, ba kowa a bayansa, Umma ta sulale. Na ce, “Gwaggo, sai na duba takarduna.” Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a wannan lokacin ba. Ranar ko da wasa ba a yi dariya a kicin ba.

Alhamis ta zo ta wuce ban leƙa bayan labule ba. Ranar Juma'a da safe, bayan mun karya da wake da gurasa, na same shi yana goge gilashin da tsumma. Na zauna a ƙasa, na ce Baba ina da magana. Na faɗa masa tun daga gurbi ɗaya da ya rage har zuwa rigunan sukari, ban tsallake komai ba, sunan dabbar ma na faɗe shi ƙarara. Tsumman na hannunsa, bai zauna ba.

Ya ce, “Alade.”

Na ce, “Ƙwayar cutar da ke kama shi, Baba.”

“Jan nan fa?”

“Ita ce ta fi mugunta.”

Ya juya ya kalli bango. Ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da hon ɗin motoci a titi, ina lissafa yadda zan rubuta wa farfesa cewa ba zan dawo ba. Can ya ce a hankali, “Wato ni na tara jama'a, na sa liman ya ɗaga hannu...” Bai ƙarasa ba. Kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka ne na yunƙura, ashe dariya ce. Ya zube a kan matashi yana buga cinya, yana cewa “gabas da yamma, la haula, gabas da yamma!” Ya tuno mai tsire ya ce, “Kuma na ce masa ya ƙara aure!” Umma da ke maƙale a ƙofa ta faɗo ɗakin, mu uku muka yi ta yi har Baba ya fara tari na kawo masa ruwa.

Da ya lafa ya goge ido ya fara tambaya irin ta mai bincike. Kin ci? A'a. Kin taɓa? A'a. Su wa take kamawa? Na ce mahauta da manoma, galibi talakawa, kuma galibi ba Musulmi ba. Ya ce, “Kunne ai kunne ne. Wanda ya kurmance ba zai ji kukan ɗansa ba, ko wane addini yake yi.” Maganar masallaci kuwa ya ce in bar masa, shi zai faɗa da bakinsa yau bayan Juma'a kafin wani ya riga shi, wanda ya fara yi wa kansa dariya ba a samun abin yi masa. Haka kuwa ya yi, har ya zama labarin da ya fi kowa iya bayarwa, mai tsire ne kaɗai ya yi mako bai amsa sallamarsa ba. Na ji kamar an sauke mini dutse, na ce a raina na tsira.

Sai ya tashi ya koma gaban bishiyar, ya ɗora yatsa a kan dogon reshen nan mai launin toka. Fara'ar ta bar fuskarsa.

Ya ce, “Wannan fa?”

Na ce, “Su ma ƙwayoyi ne, Baba.”

“Ke nan ba ki same su ba.”

Da zan iya cewa na nema ban dace ba, da ya karɓa, na sani. Amma na gaji da datse magana. Na ce, “Ban nema ba, Baba. Jakar ma ban buɗe ta ba.”

Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya naɗe tsumman ya ajiye a kan taga. Ya ce, “Aladunki ba su dame ni ba, je ki gama karatunki. Amma Yaya ba zan iya kallon idonta in faɗa mata ba. Ke za ki je. Sai kin dawo daga wurinta zan ce miki Allah ya kiyaye hanya.”

Washegari da hantsi ya kai ni Ka'akiyya a tsohuwar motarsa. Tun daga gida har can bai kunna rediyo ba. Ya tsaya a inuwar ginin, ya ce yana jira, ya kifa hannuwansa a kan sitiyari.

Na sami Gwaggo a zaune a bakin gado, ta sa an shimfiɗa mata farin zane, a kansa ta jera carbi, sababbi fil, kowanne da ɗan ƙullin dabino a gefensa. Ba sai na ƙirga ba. Ta ce ta aika an sayo mata a bakin Harami, saura kawai in faɗa mata nawa ne mata a cikinsu don ta ƙara musu da mayafi. Na durƙusa a gabanta na riƙe gwiwarta na faɗa mata. Ban yi dogon bayani a kan riguna da launuka ba, na ce takardar ta karatuna ce, ba ta dangi ba ce, ban sami kowa ba, ban kuma nemi kowa ba, ta yafe mini.

Ta fara tattara carbin ɗaya bayan ɗaya, na kai hannu zan taya ta ta buge shi. Ta haɗa kusurwoyin zanen huɗu ta ƙulle tam, ta ɗora mini a cinya.

Ta ce, “Ƙwayar da ido ba ya gani kin gano kakanta. Wannan mutum ne, da sunansa da sunan ubansa. Dabinon ki cinye kada ya lalace. Carbin kuwa ba naki ba ne, riƙo na ba ki.”

Na sauko da ƙullin a ƙirjina. Baba ya dube shi, ya dube ni. Ya tayar da mota, sai da muka hau babban titi ya ce, “Allah ya kiyaye hanya, ya binti.” Gwaggo ta rasu ina shekarar ƙarshe a Holan. Carbin goma sha tara suna wurina, har yau ban sami ko mutum ɗaya da zan miƙa wa ba.